A Kwashe Shanya

Direba ya jefa ƙwayar maganin hawan jini a baki, ya kora da ruwa, ya dire kofin da ƙarfin da bai yi niyya ba. Matarsa, da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ɗan zabura, sannan ta wayance da gyaran ɗankwali.

"Ban ce komai ba fa," in ji shi.

"Ni ma ban ce ka ce ba."

"To me ya sa kike kallona kamar wanda zai fashe?"

Ta ajiye masa shayi a gabansa, ta juya hannun kofin ta ɓangaren damansa yadda yake so, ta koma inda take. Wannan lallaɓawar ta fi zagi ɓata masa rai. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna ranar da ake ciki, ya mayar ya rufe.

Yau ce ranar awo. Kwanakin baya ne nas ɗin kamfani ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta kalli lambar ta kalle shi, ta ce ya dawo wani makon. Ya dawo, lambar ta ƙara gaba. Daga nan sai Manaja ya kira shi ofis. Manajan nan ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da Direba ya fara riƙe sitiyari, amma shi ne ya kishingiɗa a kujera yana juya biro, yana cewa, "Baba, ba za mu ba ka bas cike da ma'aikata jininka yana sama ba. Ka je babban asibiti likita ya duba ka. In ya ce lafiya, ga makullinka. In ya ce a'a, akwai wuri a bakin get, aiki ne mara wahala."

Gadi ke nan. Shi, da bai taɓa goge ko madubin motar kamfani ba tun da aka ɗauke shi, shi za a ba kujerar roba ya riƙa ɗaga wa yaran da ya koya wa ribas ƙarfen get suna wucewa. Ya gwammace a ce masa ya tafi gida.

Gaskiyar magana, ba wanda ya taɓa kushe tuƙinsa. Halinsa ake kuka da shi. A garejin kamfani Lagireto suke ce masa a bayan ido, don kamar tankin ruwan injin mota, ba ya tafiya mai nisa bai tafasa ba, kuma ya san suna faɗa. Ƙaramin abu ya ishe shi: wanda ya sha gabansa ba sigina, wanda ya gaishe shi yana danna waya, wanda bai gaishe shi ba. In bai samu ya amayar a ranar ba, da abin yake kwana, yana juyi yana sake shirya amsar da ya kamata ya bayar. Ƙeyarsa ba ta rabo da sara. Haƙorinsa na turmi ɗaya ya tsage don cizon da yake yi cikin barci. Wani lokaci ƙirjinsa yakan ɗaure sai ya ɓalle maɓallin wuya. Duk wannan bai ɗauke shi ciwo ba. A ganinsa mutane ne suka lalace, shi kuma Allah ya yi shi mai ido.

Amma yau ya yi wa kansa alkawari. Ko mutum zai taka masa ƙafa da gangan, sai dai ya ce masa sannu. A gama awo tukuna.

"Ina Auta?" ya tambaya, yana hura shayin. Auta ce kaɗai ta rage musu a gida, sauran duk sun kama gabansu.

"Na gaya maka ai, tana gidan yayarta. Aiki ya yi mata yawa, ta je ta kama mata."

"Har yau? Gidan ubanta ba aiki ke nan?"

"Za ta dawo."

Ya leƙa tsakar gida ta taga. Igiya na nan a miƙe ba ko ƙyalle a kanta. Gidan nan ba ya raba shi da mamaki: kullum ya sako ƙafa sai ya ji uwar tana ƙwala kira, "Auta, a kwashe shanya!" Ya sha yin faɗa a kan sabulun da ake ƙararwa, ya sha tambayar ko wankau suka koma. Yau da yarinyar ba ta nan, ga shi an huta da wankin. Ya so ya faɗi haka, ya haɗiye tare da shayin.

"Ke fa, ina za ki?" Ya ga ta ɗauko kwando.

"Kasuwa. In ka fita."

"To," ya ce, ya ji daɗin kansa da ya tsaya a nan.

Da yake an karɓe makulli, bas ɗin haya ya shiga, ya samu wuri a bayan mai tuƙi. Nan ne ya san an sa shi a gaba. Matashin da ke jan motar hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana riƙe da waya a kunne. In zai sa giya ba ya taka kuloci ya kai ƙasa, sai motar ta yi wani gurnani da Direba ke ji har cikin haƙorinsa mai tsagewa. Ƙafarsa ta dama ta dinga danna ƙasan mota tana neman birkin da babu. Ya rufe ido. Rufewar ta fi muni, don kunnensa bai rufu ba.

Da suka zo mahaɗa matashin ya kutsa tsakanin tanka da mai keke, har sai da wata mata ta yi salati.

"Kai!" Muryar ta fita kafin ya tare ta. "Buhuna ka ɗauko ko mutane? Wa ya koya maka mota? Ka aje wayar nan ko in sauke ka in nuna maka yadda ake yi!"

Matashin ya kalle shi ta madubi, ya yi murmushi. "Yi haƙuri, Baba."

"A yi haƙuri, bawan Allah," in ji wata dattijuwa daga baya. "Yaran yanzu sai addu'a."

Haƙuri. Ba kalmar da ya tsana irinta. Kullum wanda aka cuta ake miƙa wa ita, wanda ya yi cutar kuma ya ci gaba da wayarsa. Ya ji jijiyar gefen kansa ta fara harbawa. Ya sa yatsa ya danne ta, ya shiga jan numfashi ta hanci yadda nas ɗin kamfani ta nuna masa. Wannan ba a lissafa shi, ya gaya wa kansa. Wannan gyara ne, ba fushi ba.

A asibiti ya tarar da layin yankar kati ya kai har bakin matakala. Akawun da ke bayan gilashi ya bar kujerarsa ya dawo, ya sake fita ya dawo da shayi. Wani mai babbar riga ya zo daga gefe ya miƙa hannu ta saman kafaɗar mutane aka sallame shi. Direba ya gani sarai. Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Da aka zo kansa akawun ya rubuta sunansa ba daidai ba, ya gyara masa cikin wata murya mai laushi da shi kansa bai san yana da ita ba.

"Ka je ƙofa ta ƙarshe ka zauna, za a kira ka," in ji akawun. "Akwai mutane da yawa a gabanka."

Ya zauna a kan benci tsakanin wani mai tari da wani mai son hira. Mai son hirar ya fara ba shi labarin ƙaninsa da hawan jini ya kayar a banɗaki, ɓarin jiki ya mutu, yanzu sai an juya shi. Direba ya miƙe ya ce zai nemo ruwa.

A dogon barandan da ya bi ne ya hango kwandon. Shi ya fara ganewa kafin mai shi: kwandon roba shuɗi, wanda ya ɗaure wa hannu da waya da kansa. Matarsa ce ke tafe a gaba da saurinta, mayafinta na gida a kafaɗa, filas yana leƙowa daga cikin kwandon. Ta sha kwana ba ta ko duba allo ba, tafiyar wanda ya san hanya.

Kasuwa ke nan.

Ya bi ta. Bai kira ta ba, don ya san in ya buɗe baki a nan duk barandan sai ya ji. Ta tura wata ƙofa mai ganye biyu ta shiga. A saman ƙofar an rubuta ɗakin mata ne. Ya tsaya ya ja numfashi, bai ji ya shiga ko'ina ba, ya tura.

Gadaje ne jere hagu da dama. A na kusa da taga Auta ce a kishingiɗe, an sa mata ƙarin ruwa a hannu, leɓunanta sun yi fari. Wata nas mai jiki tana tsaye a kanta, ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, abin yana ƙara a hankali, ɗit, ɗit, ɗit. Uwar ta sunkuya tana fito da filas. Da ta ɗago suka yi ido huɗu da shi.

Bakinta ya riga hankalinta. "Auta," ta ce da sauri, ƙasa-ƙasa, "shanya."

Auta ko waigawa ba ta yi ba. Ta runtse ido, ta juya fuska bango, ta ja mayafi har kunne, ta zama mai barci.

Direba ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya dubi taga, ya dubi silin, kamar mai neman igiya.

"Wace shanya?" ya ce. "Wace shanya ce a asibiti?"

Ba wanda ya amsa masa sai ɗan abin da ke yatsar yarinyar. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron inji, ya san ƙarar da ta canja tun kafin fasinja su sani. Ɗit ɗin nan da ke tafiya a natse ya fara gudu, kamar an taka totur.

Nas ta ɗaure gira tana kallon abin. "A'a, me ya faru? Yanzun nan fa lafiya lau yake. 'Yan mata, wani abu ke miki ciwo?"

"Me yarinyar nan take yi a nan?" Muryarsa ta cika ɗakin. Wata tsohuwa a gadon gefe ta tashi zaune. "Tun yaushe? Ni za a mayar ɗan iska a gidana? 'Yata tana kwance a asibiti, a ce mini tana gidan yayarta? Na mutu ne? Ku gaya mini in na mutu ne ban sani ba!"

"Malam, nan ɗakin marasa lafiya ne," in ji nas.

"Ke kuma ba da ke nake ba!"

"To ni da kai nake. Fita."

Matarsa ta aje filas, ta zo ta wuce shi ba ta kalle shi ba. "Zo waje," ta ce. Ba roƙo a muryar. Tun da ya aure ta bai taɓa jin ta yi masa magana da wannan muryar ba, shi ya sa ƙafarsa ta bi ta kafin ya yanke shawara.

A baranda ya fara, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Munafunci ne, raini ne, an haɗa kai da 'ya'yansa an mayar da shi baƙo. Masu wucewa suna rage tafiya. Ta tsaya ta harɗe hannu ta bar shi har ya tsaya neman numfashi.

"Ka gama?"

"Ban gama ba!"

"To tsaya nan, in ka huta ka ɗora. Shekaranjiya kana wurin aiki ta yi aman jini a banɗaki. Gyambon ciki ne, likita ya ce ya daɗe yana cinta. Yayarta ke kwana da ita, ni in zo in ka fita. Da bakinta, tana kwance ana neman jijiya, ta ce kar a gaya wa Baba sai an gama awonsa, kar a raba shi da motarsa saboda ita. Wannan shi ne munafuncin. Sai ka ɗora."

Bai ɗora ba. Ya nemi wani abin kamawa. "Shanyar fa?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kai yanzu tsakaninka da Allah ka taɓa ganin kaya a igiyar nan da yamma? Kai ne shanyar. Wato kai ne hadarin. In na ji yadda ka bugo get na san da abin da ka dawo, sai in ce a kwashe shanya. Mai kallo ya kashe, mai dariya ya haɗiye, kowa ya shige ɗaki. Tun babban ɗanmu yana rarrafe muke yi. Su duka da shi suka tashi. Har jikokinka sun iya."

Kunnuwansa suka yi zafi. Ya tuna yadda gidan ke yin tsit in ya shigo, yadda yake yaba wa kansa cewa ya iya tarbiyya.

"Na taɓa dukanta?" ya ce. "Ki faɗa a gaban mutane. Na taɓa ɗaga hannu a kan yarinyar nan?"

"Ba ka taɓa ba. Da ma dukan ne, da an sha an wuce wurin. Jira ne ke kashe mutum. Tun tana firamare in ta ji ƙarar get sai cikinta ya murɗa. Ba ta iya cin abinci in kana falo. In ta fasa kofi sai ta kwana tana shirya yadda za ta faɗa maka. Likita ya tambaye ta me ke damunta, ta ce ba komai. Ya ce ba komai ba ya huda ciki haka. Ni ina zaune na san amsar, na kasa faɗa, don kar a ce na tona asirin mijina."

"To don wa nake yi? Don wa nake fita tun duhu ina haɗiyar rainin yara? Ba don ku ba?"

"Haɗiya? Kai?" Yanzu ita ce muryarta ta tashi, har wani mai tura keken marasa lafiya ya tsaya. "Yaushe ka taɓa haɗiye wani abu? Kwasowa kake ka kawo mana gida! Manaja ya ɓata maka, mu za mu ji. Mai babur ya zage ka, mu za mu ji. In ka gama zazzagewa sai ka wanke hannu ka cinye abincinka tas, ka kwanta har da minshari. Ranar da ka yi faɗa ai ita ce ranar da ka fi barci, ko ba ka lura ba? Mu ne muke kwana da shi ido biyu. Auta halinka ta ɗauko kaf, komai ƙanƙantarsa sai ya tsaya mata a rai. Bambancin kawai kai kana da inda kake juyewa, ita ba ta da kowa a ƙasanta. Sai cikinta."

Ta kama bakin mayafi ta goge fuska da ƙarfi, kamar mai jin haushin hawayen.

"Na gaji," ta ce. "Wallahi na gaji da auna fuskarka. Je ka a yi maka awonka. Allah ya ba da sa'a, da gaske nake. Amma kar ka sake shigar mini ɗakin nan da wannan muryar."

Ta tura ƙofar ta shiga. Kafin ganyen ya rufe ya jiyo ɗan abin nan har yanzu yana gudu. Ya tsaya a wurin, kunnensa a jikin katako. A hankali ƙarar ta fara sauka, ta sauka, ta koma tafiyarta ta ɗazu. Ba allura aka yi mata ba. Fita kawai ya yi.

Ya koma bencinsa. Mai son hira ya tafi, mai tari ma an kira shi. Ya zauna ya zuba hannuwa a cinya. Ya nemi fushin nan ya riƙe, don shi ya saba riƙewa, ya laluba ko'ina bai same shi ba. Matar nan ta yi masa rashin kunya a bainar jama'a, wannan gaskiya ne. An yi masa ƙarya, wannan ma gaskiya ne. Amma duk wanda ya ɗauko sai ya ji ba nauyi. Kafaɗunsa sun sauko. Saran ƙeyar ya tafi. Har wata yunwa ya ji tana taso masa, irin wadda yake ji in ya gama faɗa a gida, sai kunya ta kama shi don ya gane ta.

Ya daɗe a haka. Mutane suka ragu, mai shara ta zo ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Sai da aka kira sunansa aka sake kira sannan ya ji.

Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi, ba ta da gaggawa. Ta sa ya naɗe hannun riga, ta ɗaura masa abin, ta ce kar ya yi magana. Robar ta kumbura ta matse dantsensa, ta tsaya, ta fara saki. Ya kafa wa bango ido. Ya riga ya ga kansa a kujerar roba a bakin get, har ya fara tunanin inda zai samu hular rana.

Ta duba, ta koma ɗaya hannun ta sake aunawa. Ta duba takardar da kamfani ya aiko da ita.

"Kana shan maganin?"

"Ina sha."

"To ga shi ya sauka. Ba laifi. Yana bakin iyaka, amma bai haura ba."

Ya juyo ya kalle ta. "A sake dubawa, Likita."

"Na sake ai. Mutane roƙona suke in rage, kai kana neman ƙari?" Ta yi murmushi tana warware robar. "Yaya barci?"

"Wata rana a samu, wata rana babu."

"Ciwon kai? Ƙirji?"

"Suna zuwa."

Ta sa ya buɗe baki, ta haska, ta ga haƙorin. Ta gyaɗa kai kamar ta ga abin da take nema. "Zan sa maka hannu, don abin da na gani ke nan yau. Amma wannan na'urar ɗan lokacin da take hannunka kawai ta sani. Ɓacin rai ba ya tsayawa a rai, Baba. Yana sauka jijiya, yana sauka ciki, yana hana barci, wata rana ya kayar da mutum a kan sitiyari. Ka dawo wata mai zuwa, akwai wanda nake so ka zauna da shi ku yi magana. Wa ke ɓata maka rai haka?"

Da a ce da safe aka yi masa wannan tambayar, da sai ta gyara zama don tsawon amsar. Manaja, akawu, matashin bas, yaran gareji, da duk ya jera su.

"Hanya ce," ya ce. "Hanya ba daɗi."

Ta kalle shi ta saman tabarau, ba ta ce ta yarda ba. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙa masa.

Ya fito da takardar a hannu. Gobe zai aje ta a teburin Manaja ya karɓi makullinsa, ba wanda zai sa shi ɗaga ƙarfe. Abin da ya fito nema ke nan tun safe, ga shi ya samu. Ya tsaya a baranda yana jiran daɗin ya zo. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya sake fito da ita. Yarinyar ta kwanta da ciwonta a ɓoye don wannan takardar, ko ba komai ya kamata ta gani.

Ya kama hanyar ɗakin mata, yana tafiya yana gwada muryar da zai yi amfani da ita. Zai ce, "Auta, sannu." A'a, zai fara da sallama a hankali. Zai ce an dace. Ba zai tambayi kowa komai ba.

Ya ɗora hannu a kan ƙofar, sai ya ji dariya.

Ganyen bai rufu duka ba, ya leƙa ta tsagar. Tsohuwar gadon gefe ce ke ba da wani labari da hannu da ƙafa, tana kwaikwayon tafiyar wani. Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Auta kuwa ta tashi zaune, ta dafe ciki da hannun da ba ƙarin ruwa, tana cewa, "Wayyo Kaka, ki bari, zai fama mini!" amma ba ta daina ba. Dariya take da baki buɗe, har da buga katifa. Akwai 'yar wushirya a haƙoranta na ƙasa. Ya tsaya yana kallon wushiryar nan, yana ƙoƙarin tuna ko ya san da ita.

"Malam, ko ka shiga ko ka ba ni hanya."

Nas ɗin nan mai jiki ce a bayansa, da tire a hannu. Ta gane shi, ta ɗaure fuska. Ya matsa gefe da sauri har kafaɗarsa ta bugi bango.

"An kusa tashin masu ziyara," ta ce. "In za ka shiga da hankali, shiga yanzu. In faɗa mata kana nan?"

Ya dubi takardar da ke hannunsa, ya dubi tsagar ƙofar. Akwai wani benci a jikin bango, ya ja jiki ya zauna a ƙarshensa, inda ba za a hango shi daga ciki ba.

"A'a," ya ce, a hankali. "Bar ta ta gama dariyarta."